RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: JAWABIN SHUGABAN MATASA KAN MUHAWARA KAFIN ZAƁEN FIDDA GWANI



 Maganata ta yau a kan muhawarar masu neman tikitin takarar shugaban ƙasa ce, kuma daga Amurka zan ɗauko misali, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A can, kafin jam'iyya ta tsayar da ɗan takara, ana jera masu neman tikitin a talabijin su amsa tambayoyi kai tsaye. Da yawa sun ɗauka gidajen talabijin ne ke da wuƙa da nama. Ba haka ba ne. Uwar jam'iyya ce ke yanke sau nawa za a yi, wace tasha za ta watsa, da kuma wa ya cancanci hawa dandamali. To wanda ke riƙe da waɗannan ukun, ai ya riƙe rabin zaɓen.

Mu fara da jam'iyyar Republican. A zaɓen 2012 sun yi muhawara kusan 20, 'yan takararsu suka yi ta yagar juna. Sai uwar jam'iyya ta rage adadin, ta ce duk wanda ya je wadda ba da izininta ba, ba zai hau nata dandamalin ba. Ranar 6 ga Agusta, 2015, tashar Fox News ta watsa ta farko daga birnin Cleveland. Masu nema 17 ne, goman da ke kan gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi suka hau da dare, cikinsu har da Donald Trump. Mutum miliyan 24 ne suka kalla. Talla ce ta kyauta wadda kuɗi ba sa iya saye.

Yanzu ku dubi jam'iyyar Democrat a wannan kakar. Shugabarta, Debbie Wasserman Schultz, ta ce muhawara shida kawai za a yi. Ta farko, ranar 13 ga Oktoba, 2015, ta samu 'yan kallo kimanin miliyan 15. Ta biyu aka sa ta daren Asabar, lokacin da Amurkawa ba su cika zama gaban talabijin ba, 'yan kallo suka faɗo ƙasa da miliyan 9. Ta uku ma daren Asabar, 19 ga Disamba, ana saura kwana shida Kirsimeti, kowa na cefane da shirin tafiya. Bernie Sanders da Martin O'Malley suka koka, magoya bayansu suka ce an tsara haka ne don a kare Hillary Clinton. Jam'iyya ta musanta, amma da matsi ya yi yawa aka ƙara adadin ya kai tara. A watan Yulin 2016 aka fallasa saƙonnin imel na jami'an jam'iyyar, shugabar ta sanar da murabus ana gobe babban taro. Clinton ta karɓi tikiti da gida a rabe, ta sha kaye a watan Nuwamba. Ban ce muhawara ce kaɗai ta kayar da ita ba fa. Abin da nake cewa shi ne, ɗan jam'iyyar da ya ji an yi masa rufa-rufa, da wuya ya yi maka kamfe da zuciya ɗaya.

Sun kuwa gyara. A 2019 tun da wuri suka fito da sharaɗi a rubuce: ko ka tara masu ba ka gudunmawa 65,000, ko ka samu kashi 1 cikin 100 a ƙuri'un jin ra'ayi uku. Mutum 20 suka hau dandamali cikin dare biyu a birnin Miami, dare na biyu mutum miliyan 18 suka kalla.

Sai dai ƙa'ida ba ta da amfani idan babba ya fi ƙarfinta. A 2023 Trump ya ƙi halartar muhawarar jam'iyyarsa, ya ce ya yi wa sauran fintinkau. Ta farko a Milwaukee ta samu 'yan kallo kimanin miliyan 13, kusan rabin na 2015, kuma duk da haka shi ya ɗauki tikitin.

To mu dawo gida. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Atiku Abubakar ya samu tikiti da ƙuri'ar daliget 371, Bola Tinubu da 1,271, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93. Me ɗan jam'iyya na mazaɓa ya gani? Jawabin 'yan mintoci a filin taro, sai wane ya janye wa wane. Ba wanda ya tambaye su yadda za su yi da tsaro, wutar lantarki ko zaman kashe wando. Mu ne masu manna fosta, amma ba mu taɓa jin wanda muke wa wahalar ya kare kansa a gaban abokan takararsa ba.

Don haka buƙatunmu ga uwar jam'iyya uku ne. Na farko, a fitar da jadawalin muhawara da sharuɗɗanta tun kafin a fara sayar da fom, lokacin da ba a san wa za su amfana ba. Na biyu, a watsa ta kai tsaye a talabijin da rediyo da Facebook, a lokacin da jama'a ke gida, da fassara cikin Hausa da sauran harsunanmu. Na uku, a sa halarta cikin sharuɗɗan tantancewa: wanda ya ƙi zuwa, komai girmansa, sunansa ba ya shiga takardar ƙuri'a.

Wani zai ce wannan tonon asirin gida ne. Ranka ya daɗe, 'yan adawa za su yi masa waɗannan tambayoyin ko muna so ko ba ma so. Gara mu san rauninsa tun muna da damar sauya shi.

'Yan uwana, kowa ya kai wannan magana taron mazaɓarsa, a rubuta ta a takarda, a miƙa wa shugabannin ƙaramar hukuma. Allah Ya ba mu shugabanni nagari.