Cimarmu Da Alluran Rage Ƙiba



An nemi mu tofa albarkacin bakinmu a kan lafiyar jiki, sai muka zaɓi batun ƙiba da magungunan rage ta, waɗanda labarinsu ya game duniya. A da, idan magidanci ya ajiye tumbi, cewa muke yi hutu ya samu. Yau kuwa likitoci sun tabbatar da cewa teɓa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima.

Dalilin yana cikin akushinmu. Iyayenmu tuwon dawa da na gero suka ci, da miyar kuka da daddawa, sa'an nan suka tafi gona a ƙafa. Mu kuwa mun koma ga farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, ga dunƙulen magi a kowace tukunya, kuma ko kasuwar bayan gida za mu, sai mun hau babur. Shawarar wannan hukuma ita ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan cokalin shayi ɗaya, sukari kuma kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12. Babbar kwalbar lemo guda tana iya cinye mafi yawan wannan kaso.

To, ina maganar alluran da ake ta yayatawa? Gaskiya suna aiki. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ya yi Ozempic, wanda Amurka ta amince da shi don ciwon sukari a 2017, sa'an nan Wegovy don rage ƙiba a 2021. Sinadarinsu ɗaya ne, yana kwaikwayon wani sinadari da hanji kan fitar bayan an ci abinci, sai mutum ya ji ya ƙoshi da wuri. A gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin allurar sau ɗaya a mako sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68. Wani gwajin na 2023, mai mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, ya nuna ta rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta sanadinsu da kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai akwai abin lura. Da aka bi sawun waɗanda suka daina allurar, an tarar cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Ke nan magani ne na dogon zango, ga tsada, ga tashin zuciya da amai da gudawa da yakan jawo wa wasu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Haka nan maganin sibutramine, da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda illarsa ga zuciya, an sha gano shi a ɓoye cikin shayin rage tumbi. Don haka kada ɗayanmu ya sha wani abu sai da izinin likita, ya kuma duba lambar hukumar NAFDAC.

Abin da ke hannunmu ya fi sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka ɗora su kan gyaran cima da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka bai wa ƙwayar metformin kuwa, nasu ya ragu da kashi 31. Minti 150 tafiyar rabin awa ce a kwanaki biyar na mako.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata su rage mai da gishiri, su dawo da wake da zogale da rama cikin kwano. Magidanta kuma mu rage sukarin shayi, mu riƙa auna jini da sukari ko da ba ma jin ciwo, domin hawan jini ba ya yin sallama. Wanda likita ya rubuta wa allura ya yi ta, amma ya haɗa da gyaran cima. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.