Jawabi Kan Wurin 'Yan Kallo A Filin Ƙwallon Yara

In za a share wa yara filin ƙwallo akan manta da 'yan kallo. Uban da ya sha rana a tsaye ba ya komowa, wasan yara kuwa in ba idon manya yakan rikiɗe faɗa.

Da fari, a miƙe filin daga kudu zuwa arewa, a jera bencuna yamma da shi, domin ranar la'asar ta kasance bayan masu kallo. A dasa dogon yaro nan. Na biyu, a ajiye randunan ruwa mai tsabta da butocin alwala. Na uku, a haƙa salga biyu, ta maza da ta mata, aƙalla mita 30 daga rijiya.

Na huɗu, kada a kulle ƙofa muddin da jama'a ciki. A babban filin wasa na Akra, ƙasar Gana, cikin 2001, mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsitsi, ƙofofi na rufe.

Malamai su rubuta abin da kowane fili ya rasa, su kai wa hakimi kafin damina, lokacin dashe. Allah ya taimaka.