Gigin Tsufa da Yunwar Ƙwaƙwalwa



Kusan kowa a zauren nan ya san wata tsohuwa irin wadda zan siffanta. Ta ci tuwon dare, ko wanke hannu ba ta gama ba, sai ta ce yau an hana ta abinci. Da la'asar ta yafa mayafi ta nufi zaure, wai za ta gidansu, alhali shekara hamsin tana cikin gidan nan. Jikoki su yi dariya su ce gigin tsufa ne. A wasu unguwannin kuma a fara raɗe-raɗin maita. Abin da nake so mu duba yau shi ne, a yawancin irin waɗannan tsofaffi ƙwaƙwalwa ce ke jin yunwa, ko da ciki a cike yake.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa idan yana hutawa. Cimarta sukarin jini ne, wanda tuwo da koko da shinkafa ke rikiɗa su zama, kimanin giram 120 kullum. Ba ta da rumbu. Hannu baka hannu ƙwarya take rayuwa, shi ya sa idan jini ya yanke mata na daƙiƙa goma kacal mutum ke sumewa. A cikin ƙwayoyinta akwai 'yan murhuna da masana ke kira mitokondiriya, su ne ke ƙona sukarin. Da shekaru suka ja, murhunan nan kan soma rauni.

Alois Alzheimer, likita ɗan Jamus, ya bayyana cutar gigin tsufa da ke ɗauke da sunansa a 1906, kuma an daɗe hankali na kan dattin furotin da ya gani ya taru a ƙwaƙwalwa. Da aka sami na'urar hoto ta PET, sai aka ga sassan da cutar ke kamawa suna rage shan sukari shekaru kafin mantuwa ta fito fili. Cutar makyarkyata ta Parkinson ma ta ba da shaida. A 1982 a Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa masu allurar maye suka sandare cikin 'yan kwanaki kamar tsofaffin masu Parkinson. Likita William Langston ya gano gubar MPTP a cikin ƙwayar, daga baya aka tabbatar murhunan nan take kashewa.

Akwai kuma makamashi na biyu. A 1967 Oliver Owen da George Cahill sun nuna cewa idan mutum ya yi makonni bai ci ba, hanta na narka kitse ta fitar da sinadarin kiton, ƙwaƙwalwa ta sami kusan kashi biyu cikin uku na buƙatarta daga gare shi. Stephen Cunnane na Jami'ar Sherbrooke a Kanada ya nuna ƙwaƙwalwar mai Alzheimer na iya shan kiton ko da ta gaza a sukari. Sai dai a yi hattara. Wannan bincike ne da ke kan hanya, bai zama magani ba. Kada wani ya koma gida ya sa kakarsa horon yunwa, ko ya kwashi kuɗinsa ya kai wa mai tallar man kwakwa.

Mu dawo gida. Binciken Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka soma a 1992 da su Hugh Hendrie da marigayi Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, ya gano tsofaffin Yarbawa na kamuwa da cutar gigin tsufa ƙasa da rabin yadda baƙaƙen fata na Amurka ke kamuwa. Mutanen Ibadan sun fi ƙarancin hawan jini da ciwon suga da ƙiba. A nan Zariya ma, wani bincike da aka buga a 2011 ya sami cutar a kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Adadin ya yi kaɗan a ido, amma dubi yadda cimarmu da rayuwarmu ke sauyawa: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari, da hawa babur daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka. Ciwon suga da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa cimarta. A 2024 kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta kusan kashi 45 na masu cutar za a iya kare su ko a jinkirta musu ita, idan aka magance abubuwa 14, ciki har da waɗannan biyu, da rashin motsa jiki, da kurumta.

Don haka ɗalibanmu na Samaru da likitocinmu na Shika, ga fage nan, a binciki abin da gero da dawa da zogale ke yi wa ƙwaƙwalwar tsofaffinmu. Ku kuma iyaye, duk wanda ya haura arba'in ya riƙa zuwa awon jini da na suga. Tsohuwar da ta fara mantuwa kuwa, a kai ta asibiti, a daina yi mata dariya.