Akori-kura: Motar Da Ta Kai Ni Makaranta



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai na ce masa ni bakanike ne, hannuna ya fi bakina iya magana. Ya ce to in yi magana a kan abin da na sani. Saboda haka yau zan ba ku tarihin wata tsohuwa da kowa a ɗakin nan ya taɓa hawa bayanta, wato Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira Fijo akori-kura.

Waɗanda muka shigo aji ɗaya tare za su tuna ranar da aka kawo ni. Daga Utai muka taso da asuba, ni da akwatin ƙarfena da buhunan gero shida da akuya biyu, duk a baya. Da muka tsaya a bakin ƙofa na diro fari fat da ƙura, aka yi ta dariya, har sunan da kuka laƙaba mini ya bi ni shekara biyar. Ba zan faɗe shi ba, don jikokina suna karanta mujallar nan. Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ta hannu ya saye ta a 1978, bayan ya sayar da shanu biyu ya haɗa da kuɗin gyaɗa. Yakan ce an sa mata wannan suna ne don ta kori kurar da ake turawa da hannu daga aikin dako. Kuɗin littattafaina da na sabulu da na tikitin komawa gida, duk daga bayanta suka fito.

Asalinta ƙasar Faransa ne. Gidan Peugeot sun fara sana'ar ƙarfe tun 1810, suna ƙera zarto, daga baya har da injin niƙa kofi, kafin su shiga ƙera mota a ƙarshen wancan ƙarni. Zakin da kuke gani a goshin motar tun zamanin zarton yake. Babbar masana'antarsu tana wani gari da ake kira Sochaux. A 1960 suka fito da 404, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana mata siffa, sa'an nan a 1967 suka fito da mai ɗaukar kaya. Abin da ya ɗaga sunan 404 a Afirka shi ne tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda ake gudu cikin taɓo da duwatsu na dubban kilomita. Ta ci wannan tsere a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968.

Mu a nan, a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri ta Kaduna. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga birnin Lyon, a sauke su a filin jirgin sama na Kano, sa'an nan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Ita kuwa akori-kura, kamfanin SCOA ne ya riƙa harhaɗa ta a Legas. Bayanta ƙanwarta 504 ta zo, ta ɗora daga inda ta tsaya. A Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991, shekaru da dama bayan Faransa ta daina.

To, mene ne sirrinta? Ni dai abu uku na gani. Na farko injinta. Silinda huɗu ne, lita 1.6, an kishingiɗar da shi gefe guda don goshin motar ya yi ƙasa direba ya ga hanya. Idan ka buɗe bonet komai yana fili: ga kafireto, ga fulogi, ga lagireto, ga fanbel. Da sifana kaɗan da sukundireba mutum zai kwance rabin injin a gindin bishiya. Na biyu ƙafafunta. Ƙaramar 404 ta shiga tana da sifirin mai murɗe a baya, amma ta kaya sai aka sa mata na falle-falle, aka ƙara mata tsawo, don ta ɗauki abin da ya kusa tan guda. Tayoyin baya ke tura ta, shi ya sa idan da kaya a kanta ta fi kama ƙasa. Na uku, an ɗaga cikinta daga ƙasa, ga giya a jikin sitiyari, don haka mutum uku ke zama a gaba. Wanda ya ƙera ta ya san akwai hanyar da ba kwalta.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tun kafin alfijir Baba yake fara sawu. Ya kwaso dawa da gero da masu kaji daga Utai da ƙauyukan kewaye, wani lokaci har Achika da Darki. Idan an yi hutu ni ne yaron mota. Da damina kuwa, in mace ta kasa haihuwa cikin dare, ƙofarmu ake bugawa. A shimfiɗa tabarma a baya, a ja tamfol, a nufi asibiti. Akwai magidanta a garinmu yau da a bayan motar nan suka fara kuka.

Amma bari in faɗa muku laifina, tunda malamaina suna nan kuma yanzu ba mai yi mini bulala. Wata Juma'a ina aji huɗu, Baba ya tafi salla ya bar ni da lodi. Ya ce buhu takwas, kada in ƙara. Wani ɗan kasuwa ya lallashe ni da 'yan sulalla, na ƙara biyar, fasinja kuma suka hau kan buhunan. Baba ya dawo ya duba yadda bayan motar ya zauna, ya dube ni, amma jama'a sun riga sun hau, sai ya ja. Ba mu yi nisa da gada ba muka faɗa wani rami, sifirin ya karye, motar ta karkace. Wani dattijo ya faɗo ya karya hannu. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Mota ta yi sati uku a gareji, kuma kuɗin da aka tara don jarrabawata su aka kashe. Sai da mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta. Baba bai taɓa ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, jaki ma da ya fi ta haƙuri yana da iyakar kaya. A wannan garejin, ina miƙa wa bakanike sifana cikin kunya, na fara son aikin da na ci abinci da shi shekara talatin da biyar.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Sannu a hankali motocin gwanjo na Japan suka cika tasha. Baba ya sayar da tasa ga wani mai itace, ranar kuwa bai ci tuwon dare ba.

Ga inda na dosa, 'yan'uwa. Ɗazu na leƙa ɗakin koyon sana'a inda muka koyi riƙe guduma. Na tarar da bencina da allo, ba ko ƙusa. Yaranmu suna zana fistin a takarda ba su taɓa riƙe shi ba. Motar yau kwamfuta ke sarrafa ta, gaskiya ne, amma wanda bai san yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su juya taya ba, na'ura ba za ta koya masa ba. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma ban san injin da ya fi na 404 sauƙin koyo ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta saya wa makaranta tsohon inji guda da akwatin giya da kayan aiki. Har yanzu ana samunsu wurin masu kayan gwangwan a Kano. Ni na ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar ta farkon wata in koyar kyauta, muddin ina da lafiya, kuma akwatin sifanuna na ba da shi tun yau. Ma'aji yana da takarda a bakin ƙofa, kowa ya rubuta abin da zai iya kafin a tashi cin abinci.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke tare da mu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.