Tallafin Gwamnati: Yadda Yake Zuwa da Yadda Za Mu Riƙe Shi

Kafin a buɗe akwatin zubi, ina so mu ɗan tattauna a kan tallafin gwamnati, domin duk inda na je, daga Tiga zuwa Doguwa, tambayar ɗaya ce: "Me ya sa wance ta samu, ni ban samu ba?"

To, ga yadda abin yake. Gwamnatin Tarayya tana da kundin sunayen gidaje marasa ƙarfi, wato rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, a ƙarƙashin ofishin NASSCO. Bisa tsari, mutanen gari ne ke zama, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi gidajen da suka fi shan wahala. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida suna tambaya: mutum nawa ne, me ake ci, wace sana'a ake yi. Shiga rajistar kyauta ce. Amma ku riƙe wannan: shiga kundi daban, samun kuɗi daban. Daga cikin kundin ake ɗibar waɗanda za a biya.

Tun 2016, zamanin Buhari, aka fara ba gida Naira 5,000 a wata, ana haɗa Naira 10,000 duk wata biyu, kuma galibi uwar gida ake miƙa wa. Kuɗin sun fito ne daga Bankin Duniya da kuma sama da dala miliyan 300 na Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da Naira 25,000 a wata har wata uku, jimla 75,000, ga gidaje miliyan 15. Wannan karon ta asusun banki ko na waya ake turawa, kuma ana neman lambar NIN ko BVN. Kun ga ke nan, wadda ba ta da katin ɗan ƙasa da asusu da sunanta, kuɗi na iya wuce ta ko da sunanta na cikin kundi.

Sai mu bambance kyauta da rance. Kuɗin da na ambata kyauta ne. Amma TraderMoni da aka raba wa 'yan kasuwa a 2018, Naira 10,000, rance ne marar ruwa ta hannun Bankin Masana'antu, wadda ta biya ita ce za ta iya karɓar wanda ya fi shi. Kafin ki sa hannu ko ki dangwala, ki tambaya: "Kyauta ne ko bashi?" Babu kunya a wannan tambayar.

Yanzu ga 'yan'uwanmu masu fasaha: zabiya, masu amada, mai lalle, mai kitso, mai ɗinkin hula da mai saƙar faifai. Sana'arku ta kaka ce, da biki ya yi sauƙi sai hannu ya bushe. Rajistar nan halin gida take dubawa, saboda haka zabiya tana da haƙƙi daidai da mai ƙuli-ƙuli. In an zo tambaya, ki faɗi sana'arki da abin da kike samu, har da watannin da ba ki samun komai. Lokacin korona a 2020 an ba masu sana'ar hannu Naira 30,000 sau ɗaya, kuma ƙungiyoyin sana'a sun taka rawa wajen tattara sunaye. Babban Bankin Najeriya kuma ya taɓa buɗe wani rance a 2019 domin masu fim, waƙa da ɗinki, amma shi mai ruwa ne, kuma sai da tsarin kasuwanci a rubuce. Darasin dai ɗaya ne: mai ƙungiya da takarda ta fi saurin samu.

Iyayena, a kula da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ki ba shi Naira 2,000 ya sa sunanki, ɓarawo ne. Kada ki ba kowa lambar sirrin katinki, ko mai POS ne, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake. In an zaftare miki wani abu, ki sanar da shugabar ƙungiya, mu kai ƙorafi sakatariyar ƙaramar hukuma tare.

In Allah Ya sa kuɗin sun shigo, a sayi abinci, wannan dole ne. Amma a ware wani abu, ko Naira 5,000 ce, a zuba a akwati ko a sayi shanshera a turara a sayar. Tallafi yakan yi jinkiri, yakan ma tsaya, zubinmu kuwa kowane mako yana nan.

Aikin wannan makon: Sakatariya, ki rubuta sunan duk wadda ba ta da NIN ko asusu, mu sa rana mu tafi tare. Mai tambaya ta ɗaga hannu.