Ku Saurari Kukan Motarku
Jawabi ga manoman auduga na Bombuwaka

Allah ya ba mu albarkar kaka.

Yau zancenmu a kan mota ne, watau tsohuwar akori-kuran nan mai ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, wadda ke kai muku taki gona, ta kwaso auduga zuwa wurin awo. In ta lalace ran da kamfanin NSCT ya sa ranar saye, sai audugarku ta kwana a daji, ƙura ta ɓata ta, ko gobara ta cinye ta. Mota kuwa ba ta cika mutuwa ba sai ta yi kuka tukuna. Ku lura da lokacin da kukan ke zuwa, gama shi ke nuna inda ciwon yake.

Da fari, ku tsai da motar, ku cire giya, ku taka totur. In ta yi rawa tana tsaye, laifin inji ne, ko robobin da ya zauna a kai. In kuwa sai tana tafiya take yi, to, ku nemi ciwon a ƙasa.

In sitiyari ke karkarwa a hannun direba, ku duba tayoyin gaba. Sau da yawa busasshen taɓo ne ya maƙale cikin ƙafar. Ku kankare shi, ku ɗaure notuna.

In rawar daga ƙarƙashin kujera take, tana kuwa ƙaruwa da gudu, ku tuhumi farfela, watau sandan ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil. Takan juya kamar sau 4 kafin taya ta juya sau 1, shi ya sa rawarta ke da sauri. Haka kuma in kun ji ƙwas sa'ad da za a tashi, ko za a koma da baya. Ku kashe inji, ku tokare tayoyi da duwatsu, ku kama farfelar ku girgiza. In gwiwarta ta yi lakwa-lakwa, a sake ta nan da nan. In ta tsinke ana gudu, tana iya cakar ƙasa ta kifar da mota da mutanen ciki.

In kukan kamar na ƙudan zuma ne, yana sakewa in an karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. In kuwa kamar fito ne, yana tashi in an taka totur, ya sake murya in an ɗaga ƙafa, daga aksil yake. Ku buɗe ku duba mai. In ya yi fari kamar nono, ruwan rafin da kuka ƙetare da damina ne ya shiga. A zubar, a zuba sabo.

Ga gargaɗi babba. Giyar ƙafa huɗu ta waɗannan motoci don taɓo da yashi aka yi ta. Da kun hau kwaltar da ta fito daga Lome ta bi Sokode da Mango zuwa Dapango, lalle ku cire ta. Gama a kan kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, kwalta kuwa ba ta barin taya ta zame, sai ƙarafa su riƙa murɗar juna har haƙoran giya su kakkarye. Tayoyi kuma su zama girmansu ɗaya duka huɗun.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

In kun je gareji a Dapango, ku faɗa wa bakanike abu uku: irin kukan, da inda yake fitowa, da lokacin da yake zuwa. Ku je tun auduga ba ta fashe ba, don in sai an aika Sokode neman kayan gyara, a samu lokaci. Giris na kuɗi kaɗan ya fi sabon aksil araha. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin.