Gafaka da Faifai

Yau maganarmu a kan kayan rubutu ce, da abin rufe kyauta.

Mu fara da rubutu. Ku leƙa makarantar allo. Alƙalamin gamba, almajiri ke feƙe abinsa. Tawada kuwa gawayi ne da ƙaro, a dama, a zuba a kurtu. In karatu ya zauna, a wanke allo, a rubuta na gaba. Ranar sauka a yi wa allon zayyana, ja da kore da rawaya, har ka ƙi ɗauke ido. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu, gafaka ce gidansa. Majeman Damagaram su jeme fatar akuya da bagaruwa, dukawa su ɗinka. Gafakar tana kaiwa har ga jikoki.

Sai kyauta. Iyayenmu mata, ku ne shaida. Ƙwarya fes, a rufe da faifai mai ado, a aza wa yarinya a ka. A juye, a maido ƙwaryar da tukwici a ciki.

Yanzu fa? Leda. Goron suna leda, kayan biki leda. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ta, amma ga ta nan a gonakinmu, awaki na ci suna mutuwa.

Biro da littafi dole ne ga ɗan lakwal, babu gardama. Ledar ce ban ga dalilinta ba. Ranar kasuwa, Hajiya, taya faifai. Malam, nemi baduku.